Tambayi Malamin Gona: Shanun Holan, tatsar asuba da sanyin da ke dawowa a watan Mayu

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon wasiƙu huɗu na ware kuma duk kan abu ɗaya suka taru, shanun madara na ƙasar Holan. Tun ranar da na yi suɓul da baka nace na taɓa zaman wata uku, Maris zuwa ƙarshen Mayu, a gidan wani makiyayi a lardin Friesland lokacin da aka tura mu kwas, saƙonni basu daina shigowa ba. Masu tambayar maganin tsutsar masara ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dai kullum ina ganin bidiyon turawan Holan a Facebook da TikTok, shanu baƙi da fari manya manya, inji ke tatsa inji ke share kashi, har wani buroshi na gani yana juyawa yana sosa wa saniya baya. Shine muke ta gardama a majalisa, ni nace mutanen nan ba abinda suke yi sai ƙirga kuɗi, abokina yace ƙarya ne. Don Allah tunda ka zauna da su, me makiyayin can yake yi daga safe zuwa dare?
Mai karatu daga Funtuwa

AMSA: Ɗan'uwa abokinka ya fi ka gaskiya, sai ka saya masa shayi mai kauri. Nima da irin tunaninka na je, sati ɗaya kacal na yi na raina kaina.

Gidan da na zauna shanun tatsa kusan 90 ne ban da maruƙa da karsanu masu tasowa, kuma a ma'aunin can wannan ba wani babban garke bane, don matsakaicin gidan madara a Holan yanzu ya haura saniya 100. To mutum nawa ke kula da su? Maigida, matarsa, ɗansu ɗaya da ke makarantar koyon noma, sai tsohon mahaifin maigidan wanda yace wai ya yi ritaya amma kullum ka leƙa rumfa zaka same shi da shebur a hannu. Shikenan fa. Babu yaron kiwo babu ɗan aike, lebura a can tsada gare shi sosai, shi yasa ma kake ganin injinan, ba don son hutu bane, don babu hannun da zai kama ne.

Biyar da rabi na asuba an riga an kunna fitilar rumfa. Abu na farko shine a tada shanu a kora su wajen jira, kuma tun a wannan korar maigidan ya fara aikin ido, wacce ta ƙi tashi da wuri, wacce ke ɗingishi, wacce kunnenta ya yi sanyi, wacce bata tuƙa, duk yana lura bai ce komai ba. Ɗakin tatsa kuma rami ne dogo a tsakiya, kai kana tsaye a ciki shanu na jere a sama hagu da dama, hantsarsu daidai ƙirjinka. Kowace saniya sai ka goge mata kan nono, ka ɗan tatsi zubi biyu uku da hannu ka duba ko akwai gudaji ko ruwa ruwa, don alamar ciwon hantsa kenan, sannan ka maƙala mata kofunan inji guda huɗu. In ta gama injin ya saki da kansa, kai kuma ka tsoma kan nonon a maganin kashe ƙwayar cuta, a buɗe ƙofa su fita wasu su shigo. Haka zakai ta yi awa ɗaya da rabi zuwa biyu, hannu a jiƙe, kuma wallahi saniya bata san girman baƙo ba, in kashi ya zo mata daga sama zata sako maka.

Akwai abu ɗaya da ya fi ba su tsoro a ɗakin nan. Saniyar da aka yi wa allurar antibayotik ana ɗaura mata jan ƙyalle ko tef a ƙafa, madararta daban ake tatsa ba ta shiga tanki. Dalili, madara daga bututu kai tsaye take wucewa babban tanki mai sanyaya ta zuwa digiri 4 ko ƙasa, motar kamfani tana zuwa duk bayan kwana biyu ko uku ta kwashe, kuma direban baya tafiya sai ya ɗebi samfur. In aka samu burbushin magani a ciki, madarar makwabtanka da ke cikin motar ma ka ɓata, tara kuma tana kanka. Kuma ba yawan lita kawai ake biya ba, maiƙo da furotin da ke ciki ake aunawa, saboda haka mai tunanin ƙara ruwa kamar yadda wasu ke mana a tasha, asarar ruwansa kawai zai yi.

Ana cikin tatsa wani yana can yana kankare kashi daga makwancin shanu yana barbaɗa garin katako, matar gidan kuma tana wajen maruƙa da bokitan madara mai ɗumi. A gidan nan dai maruƙa nata ne, littafin kuɗi ma nata ne, kuma kwana uku a mako tana fita wani aikin a gari, don kuɗin madara kaɗai wani lokacin baya riƙe gida. Bayan tatsa a wanke ɗaki tas da ruwan zafi, a wanke bututu, sai wajen takwas a shiga karin kumallo, burodi da cuku da kofi. Ni ranar farko ina jiran a kawo abinci ashe shi kenan abincin.

Daga nan sai haɗa abincin shanu, kuma nan ne asirin lita talatin da saniya ɗaya ke bayarwa a rana yake. Saniyar Holan a matsakaici tana bada wajen lita 9,000 a shekara, amma a rana ɗaya tana cinye abinci kusan kilo 50 ta sha ruwa lita 100 ko fiye. Abincin kuma yawanci ciyawa ce da masara da aka yanka ɗanye tun bara, aka daddatse aka danne da tarakta aka rufe da leda iska bata shiga har ya yi tsami, shine sailej. Da tarakta ake yanko shi kamar ana yanka alkaki, a zuba a babbar motar gauraya tare da dusar kamfani da gishirin ma'adinai, a auna da sikeli a zube musu a layi. Saniya kuma da hanci take ture abinci, to duk bayan 'yan awoyi sai an zo an turo mata shi kusa. Wannan shine aikin tsohon da shebur ɗinsa.

Tsakar rana babu takamaiman aiki ɗaya, kullum da nata. Yau gyaran kofato, gobe mai barbara ya zo da bututunsa don yawancinsu basa ajiye bijimi, jibi likitan dabbobi ya zo duba masu ciki, ga gyaran shingen lantarki, ga zuba taki a fili. Takin ma ba yadda ka ga dama ba, doka ta ware lokaci, a filin ciyawa daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Agusta, kuma ba watsawa ake ba sai dai inji ya tsaga ƙasa ya zuba a ciki, in ƙasa ta daskare ko dusar ƙanƙara ta rufe ta haramun ne. Ga takardu kuma. Maraƙi in aka haife shi cikin kwana uku na aiki sai an sa masa lamba a kunne an yi masa rajista a kwamfuta, yaranmu da yawa basu da takardar haihuwa amma a can babu maraƙin da gwamnati bata san uwarsa ba. Tun da aka soke kason madara na Tarayyar Turai, wato iyakar madarar da aka yarda makiyayi ya sayar, a 2015 mutane suka ƙara shanu, sai gwamnati ta kawo dokar haƙƙin fosfet a 2018, wato yanzu kafin ka ƙara saniya sai ka sayi izinin kashin da zata yi. Maigidan nan in yana maganar wannan har jijiyar wuyansa ke tashi.

Biyar na yamma a sake tatsa daga farko kamar ba'a yi ta safe ba. Goma na dare zagayen ƙarshe da tocila, in akwai mai naƙuda to barci sai yadda hali ya yi. Asabar haka, Lahadi haka, ranar Kirsimetinsu haka. In zasu je biki ko wani ya kwanta ciwo akwai ƙungiyar da suke biya tana turo musu mai riƙon ƙwarya.

Mutum-mutumin tatsa da ka gani gaskiya ne, kamfanin Lely na Holan ɗin ne ya fito da nasa tun 1992 kuma yanzu gidaje da yawa suna da shi, saniya da kanta take zuwa in ta ji hantsa ta cika. Amma makwabcinmu mai irinsa yace shi bai huta ba, tashin asuba kawai ya musanya da ƙarar waya, don injin in ya maƙale ƙarfe biyun dare shi yake kira. Af, kuma madarar Peak da mai shayinku ke zuba maka, kamfanin FrieslandCampina ne ke da ita, shi kuma mallakin ƙungiyar irin waɗannan makiyayan ne na Holan da Jamus da Beljiyam. Kaga kenan ka daɗe kana hulɗa da su baka sani ba. A Leeuwarden, babban birnin Friesland, har gunkin saniya suka kafa tun 1954 suna ce mata Us Mem, wai uwarmu.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗalibi ne a nan Holan, ƙarshen mako ina taimaka wa wani manomi mai shanu. Satin da ya wuce rana ta buɗe har muna yawo da riga ɗaya, kwatsam ranar Asabar da safe na iske ciyawa ta yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri, masarar da ta fito ganye uku ta yi laushi daga baya ta koma ruwan toka. Mai gonar ransa a ɓace, ya hana a fitar da shanu sai wajen goma, kuma yace kar a taɓa masarar. Ni kuma tumatir da kuɓewa da na dasa a bayan ɗaki duk sun mutu. Abin da ya ɗaure min kai wayata digiri 3 ta nuna a daren, ba'a kai sifili ba. Ya akai haka, kuma masarar ta tafi kenan?
Ƙaninka daga Gelderland

AMSA: Ƙanena sannu, Allah ya mayar da alheri, kuɓewa kam ka yi mata ta'aziyya. Abinda ka gani raɓa ce ta daskare, mu bamu da suna ɗaya tsayayye da muke kiranta don ba ta cika faruwa a ƙasar Hausa ba, jaurar hunturu duk tsananinta a Kano ko Katsina bata kaiwa nan, sai dai mutanen duwatsun Azbin a arewacin Nijar su kam sun san ruwa ya kwana a waje ya wayi gari dutse.

Wayarka bata yi ƙarya ba. Ma'aunin da ake sanarwa a tsayin mita ɗaya da rabi ake ɗaukarsa, masararka kuma tana ƙasa daidai idon sawu. Daren da sama ta yi garau babu gajimare, iska ta kwanta, kuma iskar busasshiya ce daga arewa, zafin da ƙasa ta tara da rana sai ya yi ta tserewa zuwa sama babu abin da zai tare shi, gajimare ai shine bargon. Iska mai sanyi kuma ta fi nauyi sai ta kwanta a ƙasa ta gangara duk inda kwari yake kamar ruwa. Shi yasa zaka ga digiri 3 a sama amma a kan ciyawa an sauka ƙasa da sifili da biyu ko uku, kuma mafi tsananin lokacin dab da fitowar rana ne. Hukumar yanayi ta ƙasar, KNMI da ke De Bilt, tana da ma'auni na biyu a santimita 10 daga ƙasa saboda wannan, shi zaka riƙa dubawa. In ka lura a gonar ma ba ko'ina ya ƙone daidai ba, gefen kwari da inda ƙasa take yashi busasshe ko aka yi mata kaftu kwanan nan sun fi shan wuya, jiƙaƙƙiyar ƙasa mai danƙo ta fi riƙe ɗumi.

Masara kuwa mai gonarka ya san abinda yake yi. Masara tun tana ƙarama har ta kai ganye wajen shida, zuciyarta inda sabon ganye ke fitowa tana cikin ƙasa, abinda ke sama ganye ne kawai. Sanyi ya daskarar da ruwan cikin ganyen ya farfasa shi, shine laushin da ka gani, amma in bai ratsa ƙasa ba zuciyar na nan da rai. A bari kwana uku zuwa biyar, in rana ta ɗan yi ɗumi zaka ga sabon kore yana leƙowa daga tsakiya. In kana so ka tabbatar ka tumɓuke guda biyar daga wurare daban daban ka tsaga su a tsaye da reza, in cikin fari ne ko ruwan madara kuma da tauri to lafiya, in ya yi ruwan ƙasa ya yi lugub ya tafi. Kuma kar a fesa maganin ciyawa a kwanakin nan, shuka mai jinya bata ɗaukarsa. Wanda ya yi gaggawar kaftawa ya sake shuka sau da yawa shi ke asara biyu, ga kuɗin iri ga kwanakin da ya rasa, don masarar can ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu ake shuka ta in ƙasa ta kai digiri 8 zuwa 10, a yanke ta ƙarshen Satumba ko Oktoba, lokacin a ƙirge yake babu rara.

Ka ga dalilin ɓacin ransa kenan, ba ganyen yau yake kallo ba, ramin sailej na hunturu mai zuwa yake kallo. Mu muna ganin Turai kore shar muna cewa basu da rani, alhali suna da shi, hunturunsu shine raninsu, wata biyar ko fiye ciyawa bata girma in ƙasa ta yi sanyi ƙasa da digiri 5 ko 6, duk abinda saniya zata ci a lokacin sai wanda aka adana. Yankan ciyawa na farko a watan Mayu shi ya fi kowanne kyau da yawa, to in darare masu sanyi suka jeru ciyawa ta tsaya cak, yanka ya ja baya, ga sailej ɗin bara ya kusa ƙarewa a rami. Na ga maigidana yana auna sauran da taku yana lissafin kwana nawa ya rage, fuskar nan tasa irin ta manomin Gumel ce sak wanda ya yi shuka da ruwan farko sannan sama ta ɗauke sati uku.

Hana shanu fita da sassafe shima daidai ne. Ciyawar da ta daskare in aka taka ta karyewa take yi ta bar baƙin sawu, tarakta ma ba'a shiga da ita. Sannan saniya in ta fito da yunwa ta cika tumbi da ciyawa mai ƙanƙara, musamman in akwai kulob a ciki wato ɗan ganyen nan mai kunne uku dangin wake, kumburin ciki na iya kama ta. Sai a fara bata sailej a rumfa, a jira rana ta narkar. Kuma a irin wannan lokacin na sabuwar ciyawa da dare mai sanyi ne ake samun ƙarancin maganiziyam, saniya ta fara rawar jiki tana tangaɗi ta faɗi, shi yasa suke ƙara shi a dusa. Wani abu da zai maka kama da gida, inda ake shuka dawa don shanu kamar Amurka, in sanyin nan ya buge ta ba'a barin dabba ta kusance ta sai bayan mako guda, gubar da ke tashi a ciki ita ce dai wadda ke cikin gyauron dawa da Fulaninmu ke kaffa kaffa da shi.

Su mutanen can suna da lissafinsu na gargajiya, ranakun 11 zuwa 14 ga Mayu suna ce musu IJsheiligen, wato waliyyan ƙanƙara, sunayen wasu waliyyan coci ne da ranakunsu suka faɗo nan, Jamusawa na ƙara 15 ga wata. Tsofaffi basa dasa tumatir ko wake a waje sai sun wuce. Ba wai sanyi ya san kalanda bane, wata shekarar ranakun zafi ake yi, wata kuma ya makara ya zo bayansu, amma daga nan haɗarin ya ragu sosai. Abinda ya ƙara dagula lamarin yanzu shine ɗumi na zuwa da wuri, itatuwa su yi fure kafin lokaci sannan sanyi ya dawo ya same su. Haka aka yi a Faransa a 2021, ƙarshen Maris zafi kamar me, farkon Afrilu sanyi ya sauko ya ƙone gonakin inabi da na 'ya'yan itace, manoma suka kwana suna kunna kyandirori a gwangwani tsakanin layuka. Kusa da kai a yankin Betuwe masu gonakin tuffa ruwa suke fesa wa furen duk dare, ƙanƙara ta lulluɓe shi, don ruwa yayin da yake daskarewa yana sakin ɗan ɗumi da ke tsayar da furen a sifili, amma in famfo ya tsaya a tsakiyar dare an shiga uku. Mai shanu ba ya wannan, hekta goma na masara ba'a rufe ta ba'a fesa ta, haƙuri kawai.

Naka lambun kuwa mai sauƙi ne. Ka sake sayen dashen tumatir yanzu, in an ce dare zai yi garau ka shayar da ƙasar da rana ka rufe da farin yadin lambu ko tsohon zani kafin magariba, kar ka sa leda ta taɓa ganye. Kuɓewa dai in ba ɗakin gilashi gare ka ba ka haƙura ka saya a shagon 'yan Afirka.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni tausayin shanun nake ji, a wannan sanyin basa mutuwa? Kuma wata ta ce min wai nonon yana daskarewa a jikinsu.
Maman yara daga Maraɗi

AMSA: Hajiya lafiya lau, kwantar da hankalinki, wadda ta faɗa miki zolayarki take. Jikin saniya wajen digiri 38 da rabi yake ko ana ƙanƙara, kuma tumbinta kamar murhu ne, abinci na dahuwa a ciki yana fitar da zafi. Saniyar Holstin, wato baƙi da farin nan da ake kuma ce wa Firiziyan, ta fi jin daɗi tsakanin digiri 5 zuwa 15, sanyin da ni nake sa riga uku ita lokacin take tsalle. Ki ga ranar farko da ake buɗe musu rumfa a watan Afrilu bayan zaman hunturu, manyan shanu suna tuma kamar 'yan awaki, har mutanen gari ke zuwa kallo. Akwai ma tambarin madarar kiwo da ba'a ba gida sai shanunsa suna fita aƙalla kwana 120 a shekara, awa 6 a rana.

Wanda zaki tausaya wa maraƙi ne. Shi tumbinsa bai fara aiki ba, bashi da kitse, a satuttukan farko in an sauka ƙasa da digiri 15 ya fara ƙona abincinsa wajen ɗumama jiki maimakon girma. To daren sanyi na Mayu yakan zo an riga an cire musu rigunan hunturu, eh riga ake sa musu mai maɗauri a ciki, sai ki ga matar gidan da dare tana bi ɗaki ɗaki tana mayar musu tana ƙara tattakar alkama har ƙafafunsu su nutse. Wanda aka haifa a daren kuwa a goge shi ya bushe, a bashi dakashi lita uku zuwa huɗu cikin awoyin farko, mai ɗumin jiki. Abin da ban taɓa sabawa da shi ba har na dawo shine raba maraƙi da uwarsa tun ranar farko, mu da saniyarmu bata sakin nono sai ta ga ɗanta a gaba.

TAMBAYA: Malam na tara 'yan kuɗi ina so in sayi Firiziyan tsantsa guda biyu in ajiye a bayan gida, tunda mu bamu da matsalar ƙanƙara ai sai sun fi bada madara a nan ko?
Alhaji daga Gusau

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, lissafin a juye yake. Abinda ke kashe saniyar nan shi muke da shi a wadace. Daga digiri ashirin da 'yan kai ta fara haki tana rage ci, kai kuma Gusau a watan Afrilu kana haura 40, ga kaska ga kirci ga sammore in ta shiga inda ƙudan tsando yake, ga rashin ɗaukar ciki saboda zafi. Kamfanin Arla masu madarar Dano sun kawo irinsu gonarsu ta Damau a jihar Kaduna da aka buɗe a 2023, amma wannan kamfani ne da rumfuna na musamman da ruwa da wuta da likitoci, ba bayan gida ba.

Ni shawarata ka nemi ruwa biyu, rabi Firiziyan rabi Bunaji ko Bokolo, irin aikin da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya ta daɗe tana yi. Ba zata baka lita 30 ba, amma in ka riƙe ta da kyau zata ninka ta gida sau da yawa kuma ta rayu. Kuma kafin ka je kasuwa ka fara da abinda makiyayin Friesland ke aunawa da taku, wato me zasu ci daga Janairu zuwa Yuni. Harawar wake da ta gyaɗa dami nawa ka ajiye, kana da inda zaka shuka ciyawar giwa ko waken lablab, angurya da dusa nawa ne buhu a wajenku yanzu, rijiya ko burtsatse zai iya baka lita 200 kullum na shanu biyu ban da wanke wanke, kuma waye zai tatsa safe da yamma ranar da ka tafi ɗaurin aure Sakkwato. Ka turo min amsar waɗannan da girman filin, sai in zana maka rumfar da kuma yawan da zaka fara da shi.